Zebilla: Ambaliyar Bagre da misalin mai rumbu

Yawancin shekaru, wajen Agusta ko Satumba, Burkina Faso kan buɗe madatsar Bagre, ruwa ya shanye gonakin masara a gundumar Bawku ta Yamma, mai hedikwata a Zebilla, arewacin Gana. Don haka Kiristan yankin ba ya buƙatar dogon sharhi kan misalin Yesu Almasihu a Linjilar Luka, sura 12: manomi ya shirya faɗaɗa rumbunansa, a daren nan ya mutu. Laifinsa shi ne ya tara wa kansa kaɗai. A koyarwar Kirista, hatsin da aka ba mayunwaci shi ne ajiya wurin Allah. Da irin wannan fahimta cocin Presbyterian ke gudanar da asibiti a Bawku, inda Musulmin zango ma ke jinya.