Otto Weddigen: Kwamandan da ya nutsar da jiragen yaƙi uku da injin kananzir da batir

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin Matan Fada a Argungu ya kalli masunci yana nutso, ya san komai ƙwarewarsa dole ya ɗago ya shaƙi iska. Haka jirgin ƙarƙashin teku yake a farkon zamaninsa, sai dai shi batir ne numfashinsa. Tashe da ƙarshen Otto Weddigen, hafsan sojan ruwan Jamus, duk a wajen wannan ɗagowar suka faru.

An haife shi a garin Herford a 1882. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, shekarar da aka haɗe Arewa da Kudancin Najeriya, shi ke jan U-9, ƙaramin jirgi mai ɗaukar mutum ƙasa da talatin. A saman ruwa injin kananzir ke tafiyar da shi, yana tuttuɗo farin hayaƙin da ake hangowa daga nesa. In zai nutse sai a kashe injin, tunda ba iskar da zai ja, a koma kan batir. Mu da ke rubuta manhaja a Birnin Kebbi, ido ɗaya kan allo ɗaya kan inbata, mun san wannan lissafin. Bambancin kawai, mu in caji ya ƙare aiki ne ke tsayawa.

Da asubar 22 ga Satumba 1914, U-9 ya ɗago kusa da gaɓar Holan don ya yi caji. Sai ga jiragen yaƙin Ingila uku, Aboukir da Hogue da Cressy, suna tafe a hankali ba ɗan rakiya. Weddigen ya nutse, ya bar bututun leƙe kaɗai a waje, wato dogon bututu mai madubai da ke nuna wa kwamanda abin da ke saman ruwa. Ya harba topido, makamin da ke tuƙa kansa cikin ruwa, ya sami Aboukir. Turawan suka ɗauka nakiya ce jirgin ya taka, sauran biyun suka matso suka tsaya ceto. Tsayawar nan ce ta cinye su. Da topido shida kacal, cikin abin da bai kai awa biyu ba, duka ukun suka nutse, mutum wajen 1,450 suka mutu. Bayan nan aka umarci manyan jiragen Ingila su daina tsayawa ceto a inda ake zargin akwai irin wannan maƙiyi. A ganina, ba ƙarfin U-9 ne ya yi wannan ɓarna ba. Ɗaya ɓangaren ne bai yarda ƙaramin abu zai iya ba.

A Oktoba ya ƙara da jirgin Hawke, ya samu Pour le Mérite, babbar lambar yabon sojan Jamus, daga baya aka ba shi sabon jirgi mai injin dizal, U-29.

Sabon injin bai magance tsohuwar matsalar ba: ba ya gani sai ya leƙo, in ya leƙo kuwa ana iya ganinsa. Ranar 18 ga Maris 1915, a tekun arewacin Sikotland, ya harbi jirgin Neptune bai samu ba, aka hango shi. HMS Dreadnought, ƙaton da ya sauya ƙirar jiragen yaƙi a 1906, mai nauyin tan kusan 18,000, bai ko harba igwa ba. Juyowa ya yi ya bi ta kansa. Goshin ƙaramin jirgin ya ɗago har aka karanta lambarsa, sannan ya nutse da kowa da ke ciki. Weddigen na da shekara 32. Duk da manyan igwoginsa, U-29 ne kaɗai jirgin da Dreadnought ya taɓa nutsarwa.