Garin da Ake Haƙar Farin Dutse

Spruce Pine ƙaramin gari ne a cikin tsaunukan jihar North Carolina ta Amurka, mutanensa dubu biyu da 'yan kai. Kogin North Toe ya ratsa shi, layin dogo na bin gaɓar kogin, manyan motoci kuma suna ta sauko da farin dutse daga ramukan haƙa. Haƙa ce sana'ar gado a nan. Kakanninsu sun haƙi wasu ma'adinai, jikoki kuma dutsen kwaz suke haƙa, wanda da wuya a sami mai tsabtarsa a duniya.

Ana niƙa shi, a wanke da sinadarai har ya zama farin yashi, sannan a tura shi ƙasashen waje a ƙera tukunya da shi. Tukunyar nan ce ta sa masu masana'antu a Japan da Jamus da Taiwan suka san sunan garin. A cikinta ake narkar da silikon, wanda aka tace har a cikin ƙwaya biliyan da ƙyar a sami baƙuwa guda. Sai zafi ya kai digiri 1,414 yake narkewa. Daga nan a tsoma ɗan iri a samansa, a riƙa juya shi ana ɗagawa a hankali, kamar mai jan alewa, har a sami sanda guda mai faɗin milimita 300. Dabarar ta Jan Czochralski ce, ɗan ƙasar Poland, tun 1916. Sandar ake yankawa falle-falle a yi ƙwaƙwalwar waya da kwamfuta. In tukunyar na da datti, narkakken silikon zai lashe shi, aikin kwanaki ya tashi a banza.

A ƙarshen Satumbar 2024 guguwar Helene ta afka wa yankin. Kogin ya cika ya tumbatsa, ya shiga shagunan da ke ƙasan gari, ya lalata layin dogo da matatar ruwa. Aikin haƙa ya tsaya, hankalin duniya ya tashi, jaridu suka yi ta tambayar yaushe yashi zai sake fita. Abin da ya fi taɓa ni shi ne 'yan kaɗan ne suka tambayi halin da masu haƙar suke ciki. A watan Oktoba injuna suka fara dawowa aiki, mutanen gari kuwa sun yi makonni suna karɓar ruwan sha a gora.