REDIYO DA RIKODA: ABOKAN ZAMAN ƊAN AREWA A KURMI

Duk wanda ya zauna a Sabo ta Badun, ko Agege, ko Idi-Araba ta Ikko tsakanin 1970 da 1990, ba sai an yi masa bayanin rikoda ba. Wani akwati ne mai mariƙi a bisa, da doguwar eriya, da 'yar ƙofa a gaba inda ake saka kaset. In ɗan Arewa ya sami 'yan kuɗi a Kurmi, ita yakan fara saye, wani ma tun bai sayi katifa ba. Yakan ba tela ya ɗinka mata riga don kada ƙura ta shige ta, in zai fita kuma sai ya rataya ta kamar jaka.

Asalin abin daga waje ne. A 1954 aka fara sayar da ƙaramin rediyo mai aiki da batir a Amurka, sunansa Regency. Ba da jimawa ba kamfanonin Japan suka karɓe cinikin, suka cika duniya da rediyo mai araha. A 1963 kuma kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fito da kaset. Da aka haɗa rediyo da abin kunna kaset cikin akwati guda, sai aka sami rikoda. Kafin wannan, mai son waƙa sai ya nemi garmaho da faifai, kaya masu nauyi, ga saurin fashewa.

Kasuwar rikoda ta buɗe sosai a Nijeriya a farkon 1975, watau lokacin da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji tare da ariyas na watanni. Masinja da akawu da direba, kowa ya ga kuɗi a dunƙule, sai aka yi ca a kan kantunan UTC da Leventis da Kingsway. Kuɗin bai tsaya a hannun ma'aikata ba, ya gangaro har wurin mai tsire da mai goro da mai gadi.

TALLA A JARIDA

A wannan zamani da wuya mutum ya buɗe Daily Times ko New Nigerian bai ci karo da tallar rediyo ko rikoda ba. Akan buga hoton akwatin da girma, baƙi da fari, a jera sunan kamfani: National, Sanyo, Sharp, Philips. A ƙasa sai a lissafa abin da ke cikinsa: zango nawa yake kamawa, lasifika nawa gare shi, yana aiki da batir da lantarki duka. Daga can ƙarshe kuma ga sunayen kantunan da ake samunsa. Sau da yawa akan sa hoton saurayi da budurwa cikin kayan Turawa, suna murmushi, rikoda a tsakaninsu.

To, amma akasarin Hausawan da ke sayen kayan nan ba su karanta Turanci, ba kuma rayuwar masu murmushin nan suke nema ba. Hoton kawai suke dubawa. Wani yakan yage shafin ya ninke, ya sa aljihu, ya kai wa mai kanti ya ce irin wannan yake so. Tambayarsa ɗaya ce: tana kama Kaduna? In mai kanti ya murɗa, aka ji muryar Gidan Rediyon Kaduna a kan mita 49, ciniki ya faɗa. In ba ta kama ba, ko da zinariya aka yi ta, ba ya so.

Dalili kuwa a fili yake. Gidan Rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, shi ne igiyar da ta ɗaure baƙo da gida. Ta nan yake jin Zaɓi Sonka, ya kasa kunne ko za a ambaci sunansa cikin gaisuwa. Ta nan yake jin Samanja, da waƙoƙin Shata da Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya, da tafsirin Malam Abubakar Gumi in azumi ya zo. Bayan Kaduna kuma ga Sashen Hausa na BBC tun 1957, da na Jamus tun 1963, da Muryar Amurka tun 1979. Ran da ƙasa ta rikice, kamar safiyar 13 ga Fabrairu 1976 da aka kashe Janar Murtala, wurin mai rediyo jama'ar zango suka taru, don baƙo ya fi kowa bukatar sanin ko zai buɗe rumfa ko kuwa zai ɗaure kaya.

WASIƘA MAI MAGANA

Akwai wani amfani na rikoda wanda masu talla ba su kula da shi ba, alhali shi ya fi kowanne daraja. Mutumin da bai iya rubutu ba, dā sai ya je wurin mai rubuta wasiƙa ya tona masa cikinsa, can gida kuma a nemi ɗan makaranta ya karanta a gaban kowa. Da rikoda ta zo sai aka huta. Mutum ya sayi kaset na minti 60 ko 90, ya rufe ɗaki, ya danna jan maɓalli, ya gai da mahaifiya da 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi nawa ya aiko da yadda za a raba. Sai ya ba direban motar shanu ko ta goro mai komawa Arewa. Bayan mako biyu ko uku kaset ya dawo da amsa: muryar tsohuwa tana sa albarka, ana jin carar zakara da kukan jaririn da uban bai taɓa gani ba.

Kayan nan suna da wahalarsu. Batir Berec ko mai kan damisa in ya yi sanyi, muryar mawaƙi sai ta riƙa ja kamar mai jin barci, a cire batir a shanya a rana don a ƙara kwana ɗaya. In rikoda ta tauna zare, a sa biro a naɗe shi a hankali. Duk da haka ba a ji mai ita yana ƙorafi.

A 1979 kamfanin Sony ya fito da Walkman, 'yar ƙaramar rikoda mai abin sawa a kunne. 'Yan makaranta sun so ta, amma ba ta sami shiga a zango ba. A wurin Bahaushe, wanda ya toshe kunne yana jin daɗi shi kaɗai marowaci ne. Rikoda kuwa ta jama'a ce: mutum ɗaya ya saya, goma su ji a teburin mai shayi.

Daga 1986, da darajar Naira ta faɗi, sabuwar rikoda ta fi ƙarfin talaka, aka koma sayen ta hannu a kasuwar Alaba, manyan tallace-tallacen nan kuma suka yi ta raguwa a jaridu. Faifan CD ya zo, sa'an nan wayar hannu a 2001. Yau mai gadi a Fatakwal yana magana da iyalinsa a Sakkwato duk sa'ad da ya ga dama, kuma ba mai cewa a koma jiran direban shanu. Sai dai maganar waya in an gama ta tafi ke nan, ta kaset kuwa tana nan a ajiye.

Nan ne abin lura yake. A ƙasan akwatunan ƙarfe da yawa a Agege da Shagamu da Anacha akwai kasusuwan nan, cikinsu da muryoyin iyaye da malamai da mawaƙan ƙauye waɗanda ba a taɓa ɗaukar su a wani wuri ba. Zaren kaset ba ya son zafi da laima, Kurmi kuwa gidansu ne; yakan yi fumfuna, ya manne, murya ta dushe. Masu gyaran rikoda ma sai ƙarewa suke yi. Saboda haka mai irin wannan ajiya ya fito da ita tun da sauran dama. Ya nemi rikoda mai lafiya, a fara gwada ta da kaset marar amfani, a goge kanta da auduga, sa'an nan a kunna, yaro ya ɗauki muryar a waya ko kwamfuta, a raba wa dangi. Aikin yini ɗaya ne, amma jikan da bai ga kakarsa ba zai ji yadda take sa albarka.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya mai da kowane baƙo gida lafiya, amin.