Ciwon da ke zuwa ya tafi, da masu cin riba a kansa

Ido guda ya dushe kwana goma, sa'an nan ya washe. Bayan shekara ƙafa ta yi nauyi, ko hannu ya mutu, shi ma ya saki. Haka cutar da likitoci ke kira da Faransanci sclérose en plaques, ko SEP a taƙaice, ta saba kama mutum, galibi tsakanin shekara 20 da 40, kuma mata sun fi maza ninki biyu.

Likitan Faransa Jean-Martin Charcot ne ya bayyana ta a birnin Paris a 1868. Garkuwar jiki ce ke juyawa ta ci rigar da ke lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, kamar ɓera ya ci robar wayar lantarki: saƙo ya yi jinkiri ko ya yanke. Ba a ɗaukar ta daga wani. Ƙididdigar 2020 ta nuna mutum miliyan 2.8 ke ɗauke da ita a duniya. Ta fi yawa a Turai da Amurka ta Arewa. A Afirka ta Yamma ba ta da yawa, amma ƙarancin na'urar IRM da likitocin jijiya yana ɓoye wasu masu ita.

Lafawar da take yi da kanta ita ce jarin maƙaryata. Maras lafiya ya sha wani jiƙo, ko ƙwayar da aka yi masa talla ta WhatsApp, ciwo ya kwanta, sai a ce magani ya ci. Alhali ko bai sha kome ba zai kwanta, kuma zai iya dawowa. Har yau babu maganin da ke warkar da ita. Duk wanda ya yi alkawarin haka kuɗi yake nema. Abin da ke akwai, tun 1993, magunguna ne masu rage tasowarta. A 2023 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta sa uku daga cikinsu a jerin magunguna na wajibi.

Mai neman bayani da Faransanci zai same shi a shafin OMS da na Inserm, cibiyar binciken lafiya ta Faransa. Bayanin kirki yana faɗin wanda ya rubuta shi da shekarar da aka rubuta, kuma ba ya sayar da kome.

Karatu dai ba ya gano cuta. Akwai wata mai kama da ita, cutar Devic, wadda ta fi kama baƙar fata, kuma wasu magungunan SEP suna ƙara tsananta ta. Don haka ɗan Maraɗi ko Damagaram da aka tura Yamai wurin likitan jijiya, ya tafi da takarda mai ranar da kowace alama ta fara da ranar da ta ɓace. Ya kuma faɗa in zafin watan Afrilu yana tayar masa da su, don wannan ma alama ce da likita ke son ji.