Maigatari: Garin Alhamis a Bakin Iyaka

Idan matafiyi ya baro ƙasar Garki ya ratsa Sule Tankarkar zuwa Gumel, sannan ya miƙe arewa, garin da zai tarar kafin ya taka ƙasar Nijar shi ne Maigatari. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai rairayi, irin wadda Bahaushe ke kira jigawa, kuma daga nan jihar Jigawa ta samo sunanta da aka ƙirƙiro ta a 1991. Damina gajeriya ce a nan, don haka gero da wake da riɗi da zoɓo su ne abin shuka. Tsallaken iyaka kuwa Adare ce, a jihar Damagaram.

Sunan garin ba ya buƙatar dogon fashin baƙi. Laƙabin mutum ne, mai gatari, wanda ke nuni ga zamanin da sai an sari daji kafin a kafa bukka. Haka ƙasar Hausa ta saba raɗa wa garuruwa suna, ko da mutum, kamar Malam Madori, ko da bishiya, kamar Mai'aduwa, wadda ita ma a bakin iyaka take can Katsina.

Maigatari na ƙarƙashin masarautar Gumel, ta Mangawa, wadda ta bi Barno, ba ta shiga daular Sakkwato ba. Abin lura, sarakunan Gumel sun taɓa zama a Tumbi, garin da yau yake cikin Nijar. Ashe layin da Ingila da Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20 tsakiyar dangi ya bi. Shi ya sa har gobe ake auratayya tsakanin ɓangarorin biyu, ana zuwa suna da ta'aziyya, malami na nan almajiransa na can.

Amma wanda bai ga Maigatari ranar Alhamis ba, bai san ta ba. Tun daren Laraba garkuna ke kwararowa daga Nijar, wasu ma daga Chadi. Kafin hantsi kara ta cika da shanu da tumaki da awaki, ga dawaki, ga jakuna, ga raƙuman Buzaye a durƙushe suna tuƙa. Ciniki ba ya faɗawa sai da dillali, domin shi ya san mai dabba, shi ne shaida idan daga baya aka ce ta sata ce, la'adarsa kuma ba ta ciwon kai. 'Yan canji na gefe da damin naira da sefa. Da la'asar 'yan lodi sun cika tireloli, sun kama hanyar Kudu. Bafulatanin da ya sayar da sa guda ba ya komawa hannu rabbana: gero zai saya, da atamfa, da gishiri. Da wannan juyin ne mai shayi da mai tuwo da ɗan acaɓa ke cin abinci har wata Alhamis.

Gwamnatin jihar a zamanin gwamna Saminu Turaki ta kafa yankin ciniki maras haraji a garin, sai dai bai kai inda aka yi fata ba.

Raunin garin ɗaya ne, wato arzikinsa na rataye da ƙofar da mabuɗinta ke Abuja da Yamai. Da aka rufe iyakoki a Agustan 2019 don hana fasa-ƙwaurin shinkafa, kasuwa ta yi sanyi, har sai Disambar 2020 da aka buɗe huɗu, Maigatari na ciki tare da Illela da Seme da Mfum. Juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya sake jawo kulle. A ganina irin wannan rufewa ba ta cika kama manyan 'yan sumoga ba, don sun san ɓarauniyar hanya. Talakan da ke jan akuya biyu zuwa kara shi ke kwana da yunwa. Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris na 2024.