Yadda 'yan kasuwar Abaji za su zaɓi VPN mai sauri da rahusa

'Yan Najeriya da dama sun fara jin sunan VPN ne a watan Yunin 2021, lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, mutane suka koma shiga shafin ta bayan fage. Sai dai amfanin da ɗan kasuwa ke nema a wannan fasaha daban ne.

Dillalin hatsi da ke da rumbu a Abaji, kan babbar hanyar Abuja zuwa Lokoja, ofishinsa kuma yana Gwagwalada, kullum yana tura lissafin kaya, jerin basussuka da lambobin abokan cinikinsa ta intanet. VPN na buɗe rufaffiyar hanya tsakanin wuraren biyu, ta yadda ko wani ya tare saƙon ba zai iya karanta shi ba.

VPN ba ya ƙara saurin intanet, hasali ma yakan rage shi. Idan babbar kwamfutar da ke karɓar saƙonnin tana Turai, sai bayanin ya tsallaka teku ya dawo kafin ya isa Gwagwalada. Don haka wadda ke Legas, ko wadda aka girka a ofishin kamfanin, ta fi rage jinkiri.

Tsarin da manhajar ke aiki da shi ma abin dubawa ne. WireGuard, wanda aka shigar cikin Linux a 2020, ya fi OpenVPN sauƙin nauyi, kuma yakan ci gaba da aiki idan waya ta sauya daga wani layi zuwa wani. Kafin a biya kuɗi, ya dace a gwada shi a cikin shagon, a kan layin da ake amfani da shi.

Ta fuskar farashi, yawancin kamfanonin waje na karɓar dala a kan kowane ma'aikaci duk wata, saboda haka kuɗin na hawa idan naira ta faɗi. Na kyauta kuwa, araha ba ta ado, domin wasunsu da bayanan masu amfani da su suke ciniki.

Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe bayanan jama'a alhakin tsare su. Idan aka yi kutsen da ka iya cutar da masu bayanan, wajibi ne a sanar da hukumar NDPC cikin sa'o'i 72.