Kaurin man giya ba ya warkar da kukan aksul

A tashoshin motar Dutse da garejojin da ke kan hanyar Kiyawa har zuwa mahaɗar Shuwarin, akwai maganar da direbobi ke gada baki da baki: da ka ji bayan mota na kuka, man aksul ne ya tsinke, a juye shi a zuba mai lamba 140, in an samu hali a cakuɗa da giris, shi ke nan. Maganar ba ƙarya ce zalla ba, shi ya sa ta yi tsawon rai. Mai mai kauri yakan danne ƙarar, direba ya ji shiru ya yi hamdala. Sai dai haƙorin da ya cinye ba ya tsirowa, boris ɗin da ya fara ɓarewa kuma ba ya komawa sumul. Ɓarnar na ci gaba a ciki, ba a dai jin ta, har ranar da aksul zai cije a tsakiyar hanya da fasinja ko lodi.

A motocin da ke ja da ƙafafun baya, irin su Hiace da Hilux da Canter da tifofin yashi, farfela ce ke kawo juyi, ƙaramin haƙori da kanikawa ke kira finiyan ya murza babban faifai mai haƙora. A ƙirar da kamfanin Packard na Amurka ya fara sa wa motocinsa a 1926, finiyan yana zama ƙasa da tsakiyar faifan ne, don haka haƙoran na gurzar juna yayin da suke juyawa. Wannan gurza tana matse mai ta fitar da shi daga tsakaninsu, komai kaurinsa. Abin da ke kare ƙarfen a lokacin shi ne sinadarin farar wuta da fosfarus da aka zuba a man, wanda ke shimfiɗa wata 'yar fata a kan haƙorin idan ya ɗau zafi. Rubutun GL-5 da ke jikin galan shi ke nuna akwai isasshensa. Lambar 90 ko 140 kauri kawai take nufi, ma'auninta ma daban yake da na man inji: man giya mai lamba 90 bai wuce kaurin man inji mai lamba 40 ko 50 ba. Nan ne jita-jita ta biyu ta faɗi, wadda ke cewa baƙin man da aka juye daga inji zai iya riƙe aksul tunda kaurinsu ɗaya. Ba shi da isasshen sinadarin, ga kuma dattin inji da ya kwaso. Warin nan mai hawa kai da wasu ke ɗauka alamar lalacewa ce, da shi man giya ke fitowa daga kamfani; ƙaurin ƙonewa shi ne abin tsoro.

Mai musu zai ce ai Jigawa ba Turai ba ce. A watan Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40, ga Canter ta ɗauko buhunan riɗi daga kasuwar Gujungu har sifirin ya kwanta. Yana da gaskiyarsa: masu ƙera manyan motoci da dama sun yarda da 85W-140 a irin wannan aiki. Amma izinin na motar da littafinta ya faɗa ne. Yawancin ƙananan motocin haya 80W-90 ko 75W-90 suke so, domin boris ɗin finiyan da feshin man da faifai ke watsowa yake rayuwa. Da sanyin asubar hunturu, mai mai kauri yana jinkirin isa gare shi, giris kuwa haƙora na yanka hanya a cikinsa su bar shi manne a gefe. Haka kuma GL-5 ba sarkin ko'ina ba ne. Giyabos na hannu yana da zobban tagulla da ke daidaita shigar giya, shi ya sa kamfanoni da yawa ke neman GL-4 a can. Zuba masa na aksul kan sa giya ta riƙa karta.

Babban kuskuren dai shi ne ɗora wa aksul kowane kuka. Golf da Corolla da yawancin Sharon da ke jigila tsakanin Dutse da Kano da gaba suke ja, haƙoran raba juyinsu na cikin giyabos, ƙarar bayansu kuwa galibi boris ɗin ƙafa ne ko taya. Ko a Hiace ma gwajin ba ya cin ko kwabo. A sami shimfiɗaɗɗen titi mara cunkoso, a riƙe gudu wajen kilomita 60, a taka totur a saki. Idan kukan siriri ne, yana zuwa da takawa ya ɓace da saki, ko akasin haka, to haƙoran ne ko boris ɗin finiyan. Idan gurnani ne da bai damu da totur ba, amma yana ƙaruwa in an ɗan karkata sitiyari gefe guda, boris ɗin ƙafa ne. Idan yana sauyawa daga sabuwar kwalta zuwa tsohuwa, a duba taya. Ƙarar "ƙwas" lokacin tashi ko sa ribas kuwa, a fara da kuros ɗin farfela kafin a kwance aksul.

Shaida ta gaba tana cikin man kansa, kuma a nan masu cewa man giya ba ya tsufa suke faɗuwa. A fara kwance notin zubawa na sama, kada a tsiyaye sannan a tarar ya ƙi buɗuwa. A zura yatsa: man ya kamata ya kai leɓen ramin, ba ƙasa ba, ba kuma a ɗura fiye da haka ya yi kumfa ya fasa sil ba. Notin ƙasa a motoci da yawa yana da maganaɗisu. Laushin toka-toka a jikinsa ba komai ba ne, ɓarɓashin ƙarfe mai kaifi da ake ji a yatsa shi ne labarin haƙori ko boris. In man ya fito kalar shayi da madara, ruwa ne ya shiga. Aksul na da ƙaramar kafar numfashi a samansa. Idan ya yi zafi aka tsunduma shi a ruwa, sai ya huce nan take ya zuƙo ruwan zuwa ciki. Duk motar da ta ratsa ruwa a hanyoyin Jahun da Miga da Ringim, kamar yadda aka sha yi a ambaliyar 2022, tana bukatar a duba man a makon, ba sai ta cika kilomita 40,000 da littattafan motocin aiki da dama ke ambata ba. Sa tayoyin baya masu bambancin girma shi ma yana cin ƙananan haƙoran raba juyi da ke cikin aksul, don suna aiki ko a miƙaƙƙiyar hanya.

Idan gwaji ya tabbatar haƙoran aksul ne, faifai da finiyan tare ake sauya su, kuma sai bakaniken da ya iya daidaita cizonsu. Wanda ya zaɓi ya sayo na hannu a Ƙofar Ruwa ta Kano, ya ƙirga haƙoran tsohon da na wanda zai saya. A Hilux mai ja da ƙafa huɗu, idan lissafin na baya ya saɓa da na gaba, ranar da aka haɗa su ɓarnar za ta kai har akwatin raba ƙarfi.